Kalmar Ƙarshe a Kaset ɗin Iya

Kunne ne ya kai ni Kanada, ba wani zurfin ilimi ba. Ni malamin Hausa ne a wata kwalejin horar da malamai, ɗan Ƙofar Durbi a birnin Katsina. Na sha neman gurbin ƙaro karatu a waje, ba wanda ya ko tanka mini, sai wani Farfesa Bature da ya ga ɗan rubutun da na yi kan dogon wasali da gajere a Hausa. Ya aiko in zo, bisa sharaɗi ɗaya: rabin lokacina na karatu ne, rabi kuma na taya shi haɗa ƙamus na harshen Ojibwa, harshen wasu daga cikin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Ko sunan harshen ban taɓa ji ba, amma na ce na yarda. Lokacin soja na ta alkawarin sauka su ba farar hula, mu kuwa mun sha jin irin wannan, duk wanda ya ga ƙofa fita yake yi.

Sunana Lawal, ni ne ɗan fari a ɗakinmu. Mahaifiyata, Iya, mutuniyar zamanin da ce, mai tsananin kunyar ɗan fari. Na shekara talatin da huɗu ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Sunana a wurinta "wancan". Ina zaune a tsakar gida za ta dubi ƙanena Sada ta ce ya gaya wa wancan tuwonsa na hucewa. Tun ina yaro abin na ba ni haushi har ya koma ba ni dariya, amma ban taɓa daina sa rai wata rana za ta yi suɓul-da-baka ba. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, da na tafi sai na bar ta a hannun Sada.

Ɗakin da na samu a birnin can a ƙarƙashin ƙasa yake, tagarsa daidai da ƙafafun masu wucewa. Wata uku na farko takalman mutanen unguwar kawai na sani. Sanyi kuwa kada ma a yi maganarsa, sai ka ji kamar ana yanka maka kunne da reza. Amma ba sanyin ne ya fi cina ba, rashin gaisuwa ne. Mutum zai ɗaga maka gira ya wuce, shi ke nan kun gaisa. Ni da na saba daga ƙofar gidanmu zuwa bakin titi sai na tsaya sau biyar, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya jama'a, yaya muka ji da zafi. Akwai ranar da na kama kaina ina gaishe da kaina a gaban madubi, ina amsawa.

Shi kuwa Farfesa, mutum ne da zai hana ka tashi cin abinci a kan wasali ɗaya. Amma sunana, harafi biyar kacal, ya gagare shi. "Lowel" yake kirana. Na gyara masa sau uku, na huɗu na ce a raina oho, ka ji da shi.

Aikin kansa ga yadda yake. Akwai kaset-kaset cike da kwalaye, muryoyin tsofaffi da aka ɗauka a ƙauyukansu. In sa abin sauraro a kunne, in kunna, in tsayar, in mayar baya, in rubuta kowace kalma a kan ɗan kati, in jera katin a kwali bisa harafi. Babban abin da ake so a wurina shi ne in ce wannan wasalin an ja shi, wannan ba a ja ba, domin su a rubutunsu wasalin da aka ja harafi biyu ake sa masa. Ɗaliban Farfesa Turawa sai su yi ta maimaita kalma ɗaya suna gardama. Ni kuwa me zai ba ni wuya? Duk Bahaushe ya san bambancin garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi, ko da yake mu a rubuce ɗaya muke barin su. Kafin a jima na zama ɗan lelen ofis, kuma ba zan yi ƙarya ba, abin ya hau mini kai.

Doka ɗaya Farfesa ya kafa mini tun ranar farko, kuma a nan kam gaskiyarsa ce. Ya ce kada in kuskura in cire kaset sai ya kai ƙarshe ya tsaya da kansa, ko da shiru kawai nake ji. Tsofaffi, in ji shi, sun fi sakin baki bayan sun zaci an kashe na'ura. Na kuwa riƙe dokar nan. Kalmomi masu daɗi da yawa a irin wannan wutsiyar kaset na tsinto su, tsakanin tari da ƙarar cokali.

Abin da ya fi wahalar da ni shi ne mutanen yankin da muke wa aiki haɗiye gajerun wasula suke yi. 'Yan'uwansu na yamma za su ce makizin, wato takalmi, su kuwa sai su ce mkizin. Farkon kalmar ya tafi. Na yi ta mita, na ce wannan wane irin harshe ne da ake cinye rabinsa kafin ya fito? An kuma yi ta ja-in-ja a ofis, a rubuta kalma yadda take a asali ne, ko yadda take fita a baki.

Ana cikin haka aka yi zaɓe a gida, soja suka sauka da gaske. A wata 'yar rediyo na ji labarin, ni kaɗai a ɗakin nan, ba wanda zan juya in ce wa kai, ashe za a ga wannan rana. Bayan 'yan makonni sai ga ƙunshi daga Sada ta gidan waya, ya yi sama da wata guda a hanya. Kaset ne. Gefe ɗaya duk gaisuwar dangi ce da surutun Sada, wanda ya tsunduma siyasa har wuya, yana ba ni labarin wa ya ci kansila, wa aka kayar. Da na juya ɗaya gefen sai ga muryar Iya.

"A hwaɗa wa wancan muna nan lahiya lau. Jikin da sauƙi, kar shi tada hankalinshi. Shi riƙe salla, shi kiyayi abincin da bai sani ba. In ya gama abin da ya kai shi, shi dawo. Allah shi yi mishi albarka. To, kashe abin nan haka nan."

Daga nan sai ƙarar babur a waje, wani na ƙwala wa Sada kira, sai takun fitarsa. Ashe bai danna wurin kashewa da kyau ba. Na saurari kukan kaji na ɗan lokaci, na mayar baya, na sake jin Iya. Kullum haka nake yi, in ji ta, in mayar baya. Maganar jiki da sauƙi kuwa ban ɗauke ta da nauyi ba, na san tana da ciwon ƙafa tun da daɗewa.

Da lokacin zafin ƙasar ya shigo, Farfesa ya tura ni wani tsibiri a tsakiyar wani tafki mai girman teku, in tantance wasu kalmomi a bakin mai harshe. Tafiyar yini guda ce a mota, sannan jirgin ruwa. Wadda aka haɗa ni da ita wata tsohuwa ce, Maanii, gajeruwa, mai farin gashi kitso biyu, da idanu kamar na mai shirin tsokana. Ita ce mutum ta farko a ƙasar da ta tambayi lafiyar mutanen gidanmu kafin ta tambayi abin da ya kawo ni. Ta zaunar da ni, ta soya kifi, ta hana a taɓa na'ura sai na ci. Ta ce in riƙa kiranta nookmis, wato kakata. Da na faɗi sunana ta maimaita shi daidai tun karon farko, sannan ta ce a harshensu babu harafin L, in ya zo musu N suke mayar da shi, domin wurin fitarsu ɗaya a baki. Saboda haka ni Nawan ne, in ina so in so, in ba na so ma haka.

Na kai mata ƙarar wasulan da suke haɗiyewa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta cire takalminta ta ɗora a kan tebur, kusa da kifin. Ta nuna shi ta ce mkizin. Ta rungume shi a ƙirji ta ce nmakzin, wato takalmina. Ta ce in saurara da kyau. Wasalin nan na farko da nake kuka ya ɓata, ga shi ya dawo. Bai je ko'ina ba, yana nan kwance a cikin kalmar, jira yake mai abu ya ce nawa ne. A ofis mun shekara muna zana wannan doka da alli, ita ta gama ta da takalmi ɗaya.

A wurinta kuma na gane abin da ya sa kwalin harafin N ya fi sauran cika. Na tambaye ta yadda ake cewa uwa. Ta ce ngashi. Na ce a'a, wannan ai "uwata" ne, ni uwa kawai nake so, wadda ba ta kowa ba, don in sa a kan kati. Ta dube ni kamar na zare. Ta ce babu wannan a harshensu. Akwai uwata, akwai uwarka, akwai uwarsa, amma uwar da ba ta kowa ba, a ina na taɓa ganin ta? Haka uba, haka kaka. Shi ya sa a ƙamus ɗin duk dangin mutum a ƙarƙashin N suka taru, domin da shi "nawa" ke farawa a wurinsu.

Wannan hira ce ta ja na ciro kaset ɗin Iya, don ta ji yadda tamu tsohuwar ke magana. Na kunna ina murmushi, ina shirin fassara mata. Ta ɗaga mini hannu in yi shiru. Ta sa na mayar baya, ta sake ji, idonta a rufe. Ba ta san kalma ɗaya ta Hausa ba.

"Nawan, matar nan ba ta da lafiya," ta ce. "Kalma uku take yi ta nemi numfashi. Tafi gida."

Na ce ai ta faɗa da bakinta jikin da sauƙi. Ta tambaye ni, a garinmu, mara lafiya yakan ce ba sauƙi? Ni na san amsar. Na taɓa zuwa duba mutum da hantsi ya ce mini da sauƙi, la'asar muka yi masa salla. Sai ta ba ni labarinta a taƙaice, ba tare da ta dube ni ba. Tana 'yar shekara bakwai aka ɗauke ta aka kai ta makarantar kwana mai nisa, inda ake dukansu in sun yi harshensu. Uwarta ta rasu tana can, ba a gaya mata ba sai da aka yi hutu. Ta ce shekara sittin ke nan tana neman muryar matar a cikin kanta ba ta samu ba.

Ranar da zan bar tsibirin ta ba ni takalman fatar barewa da ta ɗinka da hannunta, masu ado da ƙananan duwatsu, ta ce in kai wa Iya. Ta tambayi girman ƙafarta. Wallahi ban sani ba. Ban taɓa zama kusa da ita har in lura ba.

Da na koma birni na buga waya gidan wani kawunmu a GRA, don a lokacin duk danginmu shi kaɗai ke da waya. Sai da na kwana uku ina gwadawa kafin layi ya shiga, aka aika aka kira Sada. Na ce ya gaya mini gaskiya. Ya ce Yaya jiki da sauƙi, an je asibiti an ba da magani, har ta fara cin tuwo. Na ce in taho? Ya ce ita da kanta ta ce kada a tayar da wancan daga karatunsa.

Duk da haka na je wurin Farfesa. Ya cire tabarau, ya nuna damuwa sosai, sannan ya ce abin takaici, in na fita ƙasar a tsakiyar zango gurbina zai faɗi, takardar zamana ma za ta lalace, ba lalle in iya dawowa ba. Ga shi saura wata huɗu a miƙa kashin farko na ƙamus, kuma sunana zai fito a bangon littafin tare da nasa. Ya ce in daure zuwa ƙarshen shekara.

A nan ne nake jin kunyar kaina har gobe. Na fito daga ofishin nan da sanyi a raina. Sada ya ce da sauƙi, Farfesa ya ce ba hanya, to ni mene ne laifina? Ban tambayi kowa ba bayan shi. Ban tambaya ba domin amsar ta yi mini daɗi. Ina son in ga sunana a bangon littafi, in kawo wa Iya in ajiye a gabanta, ko ba ta faɗe shi ba ta gan shi a rubuce. Ita da ko boko ba ta yi ba. Kai, ɗan Adam.

Ganyen itatuwa ya yi ja ya fara zuba, ina kan kwalin N, sai sakatariyar sashenmu ta leƙo da wata 'yar takarda, an ce in kira gida. Layi ya shiga a bugu ɗaya, abin da bai taɓa yi ba. Sada ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Iya ta cika." Kwana huɗu ke nan da binne ta, sun yi ta neman layi bai shiga ba. Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na ajiye wayar, na zauna a ƙasa a ofishin mutane.

Sakatariyar, wata dattijuwa da ban taɓa wuce gaisuwar gira da ita ba, ta kawo mini ruwa ta zauna kusa da ni. Da ta ji tun yaushe na san Iya ba lafiya, sai ta ce me ya hana ni tafiya? Ta jawo aljihun tebur ta nuna mini takarda, shafi ɗaya tak. Duk ɗalibin da iyayensa ke ciwo yana cikewa ya tafi wata guda, gurbinsa na nan, takardarsa na nan. Ta ce ko bara Farfesa ya sa wa wani hannu a kan irinta.

Na tashi na nufi ƙofarsa, na shirya maganganun da zan gaya masa tun daga kan kakansa. Na kai hannu zan ƙwanƙwasa sai na tsaya. Ya cuce ni, wannan babu shakka, kuma ban yafe ba. Amma tsohuwar da ba ta jin Hausa ta gaya mini gaskiya a fili, na bar tata na ɗauki tasa. Na juya na koma ɗakina. Littafin ya fito daga baya, sunansa shi kaɗai a bango. Ni ina ciki, a shafin godiya, layi na biyu daga ƙasa: Lowel.

Sai da shekara ta zagayo na dawo Katsina. Gari ya cika da hotunan 'yan siyasa da babura, kowa na maganar kwangila. A Ƙofar Durbi aka yi ta shigowa yi mini gaisuwa biyu a haɗe, ta dawowa da ta rashi, irin doguwar gaisuwar da na yi ta kewa, ga shi ta zo ba na iya amsawa. Na ajiye takalman Maanii a bakin gadon Iya, kusa da nata silifas da ba wanda ya ɗauke. Na gwada su gefe da gefe. Daidai suke, kamar an auna.

Washegari da hantsi na karɓi rediyon Sada mai kaset, muka zauna a ɗakinta ni da shi, na sa kaset ɗin. Ta yi maganarta, ta sa albarka, ta ce a kashe abin nan. A nan na saba mayarwa baya, amma ranar hannuna ya ƙi tashi, kuka ya ci ƙarfina. Kaset ya ci gaba da tafiya. Kaji. Daka daga maƙwabta. Motar 'yan jam'iyya ta wuce da lasifika. Tari, mai tsawo, irin wanda ba ta bari an ji ba lokacin da ta san ana ɗauka. Kusan minti ashirin haka. Kaset ɗari da wani abu na saurara har wutsiya a harshen da ba nawa ba, wannan guda ɗaya ne ban yi wa haka ba.

Can dab da ƙarshe sai aka ji jan tabarma, numfashinta ya matso kusa da rediyon, kamar ta sunkuyo tana dubansa. Ta faɗi kalma ɗaya, a hankali. Sai ƙat, zaren kaset ɗin ya ƙare.

Na mayar baya. Na sake mayarwa. Farkon kalmar ya shige cikin numfashi, ƙarshenta kuma ƙarewar zare ta datse shi. Abin da ya rage a tsakiya shi ne "awa".

Sada ya share ido ya ce, "Nawa ta ce, Yaya. Ɗana nawa."

Na ce masa a'a. Na so ƙwarai a ce hakan ne, amma wannan aikina ne, ba zan yi wa kaina ƙarya a cikinsa ba. "Nawa" na mallaka jan wasalin farko ake yi, murya ta fara daga ƙasa ta hau. Wannan ba ta ja ba. Gajere ne, ya fara daga sama ya sauko. Kalma biyu kawai na sani da za su zauna a wurin. Ɗaya sunana ne. Wannan ban faɗe shi a fili ba. Ɗayar kuma "nawa" ce ta tambayar adadi, ita na faɗa wa Sada.

Sada ya sunkuyar da kai. Ya ce a watannin nan, kusan kullum in ya shigo gaishe ta da safe, sai ta kawar da fuska ta ce, saura wata nawa wancan shi gama? Ya ce bai taɓa gaya mini ba don ta hana.

Na sa abin sauraro, na rage gudu, na yi duk dabarar da na koya a ƙasar mutane. L ne ko N, wurin fitarsu ɗaya a baki, kamar yadda Maanii ta ce. Kunnen da ya kai ni Kanada, wanda ya raba dubban kalmomi a harshen wasu, ya kasa raba mini guda biyu a harshen uwata. Ko kirana ta yi sau ɗaya a rayuwarta da ta ga ba kowa a ɗakin, ko tambaya take saura nawa in dawo. Ko wanne ne, lokacin da ya kamata in amsa ina can ina jera kati.

Zaren ya fara laushi yanzu, ba na yawan kunnawa don kada ya tsinke. Sai shekara-shekara, in watan da ta rasu ya kama, nakan rufe ƙofa in sa shi tun daga farko, in bar kaji su yi kukansu, motar jam'iyya ta wuce, tarin ya lafa. In ta matso ta faɗi kalmar, nakan ce na'am, Iya.